Yadda Ake Haɗa Erojel na Ƙarfe da Gwada Shi a Matsayin Katalis

Duk ɗalibin da ya shiga aikin erojel na ƙarfe, inda na gabansa suka yi tuntuɓe nan shi ma yake yi. Zai narkar da gishirin filatinam mai tsada, ya ga baƙin curi ya kwanta a gindin kwalba, murna ta kama shi. Bayan mako biyu abin da ya rage masa ɗan baƙin gari ne, wanda a gwajin lantarki ko katalis ɗin kasuwa bai kamo ba. Wani kuma sakamakonsa ya yi kyan da hankali ba zai ɗauka ba, alhali ilektrod ɗin awonsa ne ya karkace bai sani ba. Kurakuran sanannu ne, kowanne kuma da dalilinsa, shi ya sa na ga ya dace a jera su wuri guda.

Erojel daskararren abu ne wanda mafi yawan cikinsa iska ce. Samuel Kistler ne ya fara yin sa a Kalifoniya ta Amurka a 1931, lokacin da ya nuna cewa ana iya zare ruwan da ke cikin jel a bar ƙashin ginin a tsaye bai rushe ba. Na farkon da ya yi na silika ne. Na ƙarafa masu daraja, wato zinariya da azurfa da filatinam, sai a 2009 ya fito daga ɗakin binciken Alexander Eychmüller a Jami'ar Fasaha ta Dresden a Jamus. Idan ka duba shi a madubin ilektron za ka ga kamar soson wanka: siraran zaruruwa sarƙe da juna, ramuka manya da ƙanana a tsakaninsu, sai dai kaurin kowane zare 'yan nanomita ne kawai. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Katalis sinadari ne da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. A cikin fiyul-sel, na'urar da ke haɗa iskar haidrojin da oksijin ta ba da lantarki da ruwa, ɓangaren oksijin ne mai nawa, kuma filatinam ne ya fi iya zaburar da shi. Katalis ɗin kasuwa ƙananan ƙwayoyin filatinam ne da aka ɗora a kan baƙin garin kabon. Matsalarsa kabon ɗin: lokacin kunna na'ura da kashe ta ƙarfin lantarki a wannan ɓangare yana iya haurawa zuwa bolt 1.4 ko 1.5, kabon ya cinye, ƙwayoyin filatinam su zube ko su dunƙule. Erojel ba ya buƙatar kabon. Ƙarfen ne ke riƙe da kansa, shi ke ɗaukar lantarki, ramukansa kuma su bar iska da ruwa su ratsa. Da yake filatinam yana da tsada, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, duk atam ɗin da ya ɓuya a cikin curi bai taɓa iska ba asara ce.

Ka riƙe wannan tun daga farko: ƙarfen da ma kana da shi a kwalbar gishiri. Abin da kake wahala a kansa shi ne ramukan da ke tsakanin zaruruwan da kuma tsabtar fuskarsu. Kowane mataki da ke ƙasa, ɗayan biyun nan yake karewa.

Misalin da zan bi shi ne haɗin filatinam kashi uku da nikel kashi ɗaya, irin wanda masu binciken Dresden da na Cibiyar Paul Scherrer ta Siwizalan suka yi aiki a kansa. Hanya ce mai zango ɗaya, ba sai ka fara yin ƙwayoyin ka tace su ka kaurara su ba kamar tsohuwar hanyar 2009, wadda kan ci makonni.

Kayan da za ka tanada

- Gishirin filatinam, H2PtCl6·6H2O, da gishirin nikel, NiCl2·6H2O. Na filatinam yana zuƙar laima da zarar an buɗe shi, don haka ka narkar da kwalbar gaba ɗaya ka mai da ita ruwan ajiya mai sanannen ƙarfi, ka riƙa ɗiba da fifet.
- Sodiyam borohaidiraid, NaBH4, busasshe. Wanda ya dunƙule a kwalbarsa ya sha laima, ƙarfinsa ya ragu.
- Tsarkakakken ruwa mai awon megaom-santimita 18.2.
- Asiton marar ruwa, ko tat-butanol idan da daskarewa za ka busar.
- Tulun gilashi na lita ɗaya, kwalabe na mililita 100, na'urar gauraya mai maganaɗisu, sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na miligiram, da bahon girgiza da sauti.
- Na'urar busarwa da CO2, ko na'urar busarwa ta daskarewa.
- Fotenshiyostat, faifan ilektrod mai juyawa na kabon mai santsin gilashi, ilektrod ɗin awo, sandar girafait, asid HClO4 mai tsabta sosai, iskar agon ko naitrojin, iskar oksijin, da katalis ɗin kasuwa na filatinam a kan kabon.
- Akwatin zuƙe hayaƙi, tabarau, safar hannu, rigar aiki.

Kada ka raina safar hannu da akwatin hayaƙi. Gishirin filatinam mai kulorin yana sa wa mutum borin jini da asma, kuma wanda ya kamu, ɗan kaɗan ma yana tayar masa har ƙarshen rayuwarsa. Gishirin nikel yana sa ƙaiƙayin fata, yana kuma cikin sinadaran da ke haddasa ciwon daji.

Mataki na 1: wanke gilashi

Ka wanke duk gilashin da zai taɓa haɗin, har da sandar maganaɗisun gauraya, da akwa rejiya: asid HCl kashi uku, asid HNO3 kashi ɗaya. Dalili shi ne ragowar ƙarfen aikin wani da ta manne a bango tana zama iri. Ƙarfenka zai je ya taru a kanta ya yi wa kwalba fenti maimakon ya zama zare a cikin ruwa. A akwatin hayaƙi ake haɗa ta, kaɗan daidai buƙata, kuma ba a taɓa rufe kwalbarta, domin tana fitar da iska har ta fasa gilashi. Ko ɗigon asiton kada ya shiga cikinta ko cikin sharar ta. Ka ɗauraye sau da yawa da tsarkakakken ruwa, ka kife kwalaben ko ka rufe bakinsu, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.

Mataki na 2: sauke ƙarfen daga gishirinsa

Ka zuba ruwa kimanin mililita 800 a tulu. Ka sa filatinam milimol 0.12, daidai da gishirinsa miligiram 62, da nikel milimol 0.04, daidai da miligiram 9.5. Jimillar ƙarfe ta zama milimol 0.2 a kowace lita. Ruwan zai yi launin ɗorawa mai haske ƙwarai.

Sai a wannan lokacin za ka narkar da NaBH4 miligiram 26 a ruwan sanyi mililita 7. Kada ka narkar da shi tun da safe ka ajiye. Da ya shiga ruwa yake fara ruɓewa yana sakin haidrojin, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ka ƙara ƙarfin gauraya har ruwan ya yi rami a tsakiya, ka juye shi duka a lokaci guda. Nan take launin zai koma ruwan ƙasa mai duhu. Ka bar shi yana gaurayuwa minti 30.

Me ya sa lokaci guda? Idan ya shiga ɗigo-ɗigo, ƙwayoyin da suka fara fitowa su ne za su riƙa cinye sauran ƙarfen, su yi girma, kuma filatinam, wanda ya fi saurin sauka, zai riga nikel. Sai ka tashi da manyan ƙwayoyi marasa daidaito da haɗin da bai gaurayu ba. Idan ya shiga gaba ɗaya, ƙwayoyi masu yawan gaske ne ke fitowa tare, duk ƙanana. Za ka kuma lura cewa NaBH4 ya ninka ƙarfen fiye da sau huɗu, alhali a lissafin ilektron ƙasa da haka ya isa. Rarar ba ɓarna ba ce: sabon filatinam ɗin da ya sauka shi kansa yana hanzarta ruɓewar NaBH4, don haka wani kaso mai yawa yana tafiya a iska bai yi aiki ba.

Ka yi lissafin abin da za ka samu tun yanzu don kada ranka ya ɓaci: ko da komai ya sauka, miligiram 26 ne kacal. Wannan ne ke sa wasu su ninka gishiri sau goma a ruwa ɗaya. Akwai hanyoyin da aka tsara da kauri irin wannan, amma ma'auninsu daban ne, kuma zarensu kan fi kauri. Idan kana son ƙari, ka ƙara yawan tuluna.

Mataki na 3: jira

Ka raba ruwan a kwalaben mililita 100, ka ɗora murfi ba tare da ɗaurewa ba. NaBH4 ɗin da ka zuba yana iya sakin haidrojin kusan mililita 70, iskar da ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 a cikin iskar ɗaki. Ka ajiye su inda iska ke wucewa, nesa da wuta, a teburin da babu wata na'ura mai girgiza a kansa. Cikin 'yan kwanaki, galibi uku zuwa biyar, za ka ga baƙin curi mai taushi a gindi, ruwan sama kuma ya yi garau.

Abin da ke faruwa a waɗannan kwanaki shi ne zuciyar aikin. Ƙwayoyin suna da cajin da ke sa su ture juna. Da yake ba ka sa wani sinadarin kariya mai ƙarfi ba, gishirin da ke ruwan yana raunana wannan turin a hankali. Ƙwaya ta ci karo da ƙwaya su manne, su zama sarƙa, sarƙa ta yi reshe, rassan su haɗu, nauyinsu ya saukar da su ƙasa su saƙe. Idan turin ya faɗi da sauri fiye da kima, dunƙulallen gari za ka samu. Idan bai faɗi ba sam, ruwan zai zauna da duhunsa har mako biyu, wanda yawanci alama ce ta mataccen NaBH4 ko kuskuren awo.

Ana iya rage jiran. Masu bincike a Jami'ar Jihar Washinton sun nuna a 2016 cewa haɗin tagulla da ƙarafa masu daraja yana yin jel cikin 'yan sa'o'i idan an ɗumama shi zuwa digiri 60 na Salshiyas. Ran Du da abokan aikinsa a Dresden sun nuna yadda irin gishirin da aka ƙara ke sauya saurin haɗuwa da kaurin zare, har ma yadda gauraya ke iya sa jel ya haɗu cikin mintuna. Duk da haka shawarata ita ce mai farawa ya bi hanyar jira tukuna, ya san kamannin jel mai kyau, kafin ya nemi gajeriyar hanya. Kuma ka rubuta zafin ɗakin kullum. Jel ɗin da aka yi a watan Afrilu a Kano ko Zinder ba lallai ya yi daidai da na watan Janairu ba, ko da ma'aunin bai canza ba.

Mataki na 4: wanki

Jel ɗin yana jiƙe da sodiyam da boret da kuloraid. Kuloraid ya fi kowanne illa, domin yana mannewa a daidai gurbin da oksijin ke buƙata a fuskar filatinam. Ɗan mitsitsinsa ya isa ya rage aikin katalis ƙwarai.

Ka zuƙe rabin ruwan sama da sirinji ko fifet, ka mayar da sabo ta jikin bangon kwalba a hankali. Ka yi haka safe da yamma na kwanaki huɗu ko biyar. Kada ka tsiyaye kwalbar, kada ka tace da takarda, kada ka sa a na'urar juyawa, kuma kada ka bar saman jel ɗin ya leƙo iska ko da na daƙiƙa ɗaya. A wannan lokaci za ka iya haɗa jel ɗin kwalabe da yawa wuri guda, kana zuba su tare da ruwansu. Don ka san wanki ya yi, ka ɗebi ruwan sama a wata 'yar kwalba daban ka ɗiga masa silba naitiret. Idan ya yi fari-fari akwai sauran kuloraid. Wannan gwaji yana da iyaka, saboda haka bayan ya daina nunawa ka ƙara wanki uku.

Mataki na 5: musanya ruwa da asiton

Ruwan CO2 ba ya gaurayuwa da ruwa sai kaɗan, amma yana gaurayuwa da asiton sosai. Dole ke nan asiton ya maye gurbin ruwan da ke cikin ramukan kafin busarwa. Yadda ka yi wanki haka za ka yi: zuƙe rabi, mayar da asiton, jira sa'o'i, maimaita. Idan ka zuba tsantsar asiton gaba ɗaya tun farko, jel ɗin zai tsuke ya tsage. Ka maimaita aƙalla sau goma, domin kowane zagaye rabin ruwan da ya rage kawai yake cirewa, kuma sai a zagaye na goma ne yake sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu. A nan ne gajiya ke kama ɗalibai su tsaya a zagaye na huɗu, ranar busarwa kuma su ga abin ya koma ƙanƙanin tsakuwa.

Mataki na 6: busarwa

Tambayar da kowa ke yi ita ce: me zai hana a bar shi ya bushe a iska? Lokacin da ruwa ke ƙafewa daga siririn rami, fuskar ruwan tana jan bangon ramin ciki, kuma ƙanƙantar rami ita ce ƙarfin jan. A ramin da faɗinsa nanomita 20 ne, jan ruwa ya kai kusan bar 140, wato ninki 140 na nauyin iskar da ke kanmu. Zaren da kaurinsa nanomita 5 ne ba zai iya jure wannan ba. Dabarar Kistler ita ce a kauce wa samuwar fuskar ruwa gaba ɗaya. CO2 idan ya wuce digiri 31 da bar 74, bambanci tsakanin ruwansa da iskarsa ya gushe, sai a sake shi ba tare da wani ja ba.

Ka sanyaya cikin na'urar zuwa kimanin digiri 10 kafin komai. Wannan ya fi muhimmanci a ƙasashenmu: da bazara zafin ɗaki kansa yana wuce digiri 31, kuma a irin wannan zafi CO2 ɗin da ke tukunya ba ruwa ba ne. Ka ajiye tukunyar a wuri mai sanyi, ka kuma tabbata mai bututu ce har gindi, wadda ke ba da ruwa ba iska ba. Ka sa jel ɗin yana nutse a asiton, ka cika da ruwan CO2, ka bar shi ya jiƙa, ka zubar da rabi ka sake cikawa, har sai ƙanshin asiton ya ɓace daga mafita. Sannan ka ɗumama zuwa digiri 37 ko 40, matsi ya haura bar 80. Ka saki iskar a hankali ƙwarai, cikin na'urar yana nan da ɗuminsa. Sakin gaggawa yana sanyaya CO2 ya koma ruwa a cikin ramukan, aikin makonni ya rushe cikin minti ɗaya. Kada ka yi wannan a rufaffen ɗaki, domin CO2 yana taruwa a ƙasa ya shaƙe mutum, kuma kada ka kwance murfi sai allurar matsi ta koma sifili.

Wanda ba shi da wannan na'ura ya musanya ruwan da tat-butanol, ya daskarar da jel ɗin farat ɗaya a ruwan naitrojin, ya sa a na'urar daskarewa kwana ɗaya zuwa biyu. Ƙanƙarar ruwa tana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, tana kuma yin manyan ƙwayoyi masu ture zaruruwa, shi ya sa ake gudunta. Sai dai tat-butanol yana narkewa a digiri 25 kacal. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki ya narke, shi ke nan. Kada ka fara sai kana da janareta ko batirin da zai riƙe na'urar har ƙarshe.

Abin da zai fito baƙi ne, mara nauyi, numfashinka ma yana iya watsa shi. Ka sa takunkumi, ka rufe shi a kwalba.

Mataki na 7: tabbatar da abin da ka yi

Hoton curi a kan yatsa ba hujja ba ce. Madubin ilektron zai nuna kaurin zare. Hasken eksire zai nuna ko nikel ya shiga jikin filatinam: babban tsaunin tsantsar filatinam yana wajen digiri 39.8 idan da fitilar tagulla aka auna, shigar nikel kuma tana matsar da shi sama kaɗan. Ka narkar da ɗan kaɗan a akwa rejiya a auna ainihin kason ƙarafan, domin ba duk nikel ɗin da ka zuba ne ke sauka ba. Wajen auna faɗin fuska da naitrojin, kada ka bari a gasa samfurin da zafin da aka saba yi wa silika ko kabon. Digiri 50 ya isa, domin zafi yana sa siraran zaruruwa su narke cikin juna.

Akwai lissafi mai sauƙi da zai kare ka daga ruɗu. Faɗin fuskar zare a kowane giram shi ne 4 a raba da nauyin ƙarfen a sau kaurin zaren. Ga filatinam, mai giram 21.45 a kowace kyubik santimita, zaren nanomita 5 zai ba da murabba'in mita 37 a giram. Ga faladiyam kusan 67. Idan na'ura ta ba ka 300, ba ƙarfe kaɗai ka auna ba.

Mataki na 8: tawada da shafa ta

Ka goge faifan kabon da garin alumina na maikuromita 0.05 har ya yi sheƙi, ka ɗauraye. Faifai mai faɗin milimita 5 fuskarsa murabba'in santimita 0.196 ce. Idan kana son filatinam maikurogiram 20 a kowace murabba'in santimita, kana buƙatar maikurogiram 3.9 a faifan. Da yake kusan kashi 91 cikin 100 na nauyin haɗin filatinam ne, erojel miligiram 2.2 a ruwa mililita 5 zai ba ka wannan a ɗigon maikurolita 10.

Ruwa za ka fara zubawa a kan busasshen erojel, ya jiƙe sarai, sannan barasar aisofurofanol. Idan ka fara da barasar, filatinam yana iya kunna tururinta ya kama da wuta a cikin kwalba. Ka girgiza a bahon sauti da ƙanƙara a ciki, ka tsaya da zarar tawadar ta daidaita. Doguwar girgiza tana farfasa saƙar da ka sha wahalar karewa. Nafion, sinadarin da ake ƙarawa a tawada don ya riƙe shafin, idan za ka sa, ɗan kaɗan ne, domin yawansa yana toshe ramuka.

Ka ɗiga tawadar, ka bar faifan yana juyawa kimanin sau 700 a minti har ya bushe. Wanda aka bar shi tsaye yakan bushe da zobe a gefe, tsakiya fayau. Erojel ya fi katalis ɗin kasuwa wahalar shafawa, don ba shi da kabon da zai ƙara masa auki. Ka duba da gilashin ƙara girma. Shafin da bai rufe faifan ba, ka goge ka sake.

Mataki na 9: gwajin lantarki

Ruwan gwaji HClO4 ne mai mol 0.1 a lita. Ba a amfani da asid na salfa a wannan gwaji domin salfet yana mannewa a filatinam. Tsantsar HClO4 kuwa kada ta haɗu da barasa ko takarda ko katako, tana iya fashewa.

Ilektrod ɗin awo shi ne wurin da aka fi yaudarar kai. A kan filatinam, kowane milibolt 60 zuwa 70 yana ninka saurin aikin oksijin sau goma. Ma'ana, karkacewar milibolt 20 kawai za ta ninka sakamakonka sau biyu ko ta raba shi biyu. Ka daidaita shi da ilektrod ɗin haidrojin a cikin ruwan gwajin kansa, ranar gwajin. Mai silba da kuloraid yana ɗigo da kuloraid, don haka ka raba shi da tukunyar gwaji ta gada, ko ka yi amfani da na haidrojin kai tsaye. Ilektrod na uku ya zama girafait. Wayar filatinam tana narkewa kaɗan-kaɗan ta je ta sauka a kan samfurinka, abin da ya sa an sha ganin katalis marar filatinam yana ƙara kyau da daɗewar gwaji.

Ka kori oksijin da agon, ka riƙa zagaya ƙarfin lantarki tsakanin bolt 0.05 da 1.0 har zanen ya daina canzawa. Wannan yana share datti, yana kuma wanke nikel ɗin da ke sama. Daga yankin da haidrojin ke mannewa ka lissafa fuskar da ke aiki, da maikurokulom 210 a kowace murabba'in santimita. A haɗin filatinam da nikel wannan hanya takan ba da ƙasa da gaskiya, wanda zai sa aikin kowace santimita ya kumbura. Ka tabbatar da gwajin CO, mai maikurokulom 420, a akwatin hayaƙi, domin CO guba ce marar ƙanshi.

Sai ka cika ruwan da oksijin minti 20 zuwa 30, faifai yana juyi 1600 a minti, ka ja daga ƙasa zuwa sama da milibolt 20 a daƙiƙa. Abu na farko da za ka duba shi ne shimfiɗar zanen a ƙasa: ya kamata ta kai kusan miliamfiya 6 a kowace murabba'in santimita. Idan 4 ta ba ka, ko shafin bai rufe ba ko oksijin bai cika ba, kuma duk lissafin da zai biyo baya banza ne. Ka cire zanen da ka ɗauka a agon daga na oksijin. Ka gyara asarar da juriyar ruwan ke jawowa: om 25 a kan miliamfiya 1 milibolt 25 ke nan, ka kuma ga abin da milibolt 20 ke yi. Ka karanta kwararar a bolt 0.9, ka gyara ta da shimfiɗar, ka raba da nauyin filatinam. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta sa amfiya 0.44 a kowane miligiram na filatinam a bolt 0.9 a matsayin buri, amma a cikin cikakken fiyul-sel ake nufi, ba a faifai ba.

Katalis ɗin kasuwa ka gwada shi a rana ɗaya, a tukunya ɗaya, da ruwa iri ɗaya. Idan shi ma ya ba da ƙasa da abin da aka san shi da shi, tukunyarka ce ke da datti, kuma cewa erojel ɗinka ya ninka shi sau biyar ba ta da ma'ana. Shafi uku daban-daban aƙalla, daga haɗi biyu daban-daban.

Mataki na 10: juriya

A nan ne erojel ke da abin nunawa, amma nan ne aka fi tsallakewa. Gwaji biyu ne sanannu. Zagaye 30,000 tsakanin bolt 0.6 da 0.95 yana gwada narkewar ƙarfen kansa. Zagaye 5,000 tsakanin bolt 1.0 da 1.5 yana kwaikwayon kunnawa da kashewa, inda kabon ke cinyewa. A na biyun ne ake sa ran erojel ya yi wa katalis ɗin kasuwa fintinkau. A na farkon shi ma yana asarar nikel da ɗan faɗin fuska, kuma wajibi ne ka faɗi hakan. Ka sauya ruwan gwaji da sabo kafin awon ƙarshe.

Ka kuma san iyakar faifai. Lokacin da masu binciken Paul Scherrer suka sa irin wannan erojel a cikakken fiyul-sel, shafin ya matse har iska ta kasa ratsa shi idan kwarara ta yi yawa. Sai da suka gauraya gishirin K2CO3 a tawadar, suka wanke shi daga baya ya bar ramuka, sannan aikin ya miƙe, kamar yadda suka wallafa a 2017. Saboda haka kada ka rubuta cewa katalis ɗinka zai yi aiki a mota alhali a faifai kaɗai ka gwada shi.

Duk ruwan wanki, ragowar tawada da lalataccen jel, ka tara su a kwalba mai suna, ban da asiton a cikin ta asid. Ana iya dawo da filatinam ɗin, nikel kuma bai kamata ya shiga magudanar ruwa ba. Idan ka zo rubuta sakamako, ka sa zafin ɗaki, ranar da ka daidaita ilektrod ɗin awo, ainihin nauyin filatinam a faifai, da lambar katalis ɗin kasuwa kusa da taka, domin ɗalibin da zai gaje teburinka ya iya maimaita aikin ya samu abin da ka samu.